Zuwa ga Edita: A sassauta wa fiyano, hannun mai dannawa za a duba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikatan wannan jarida, dan Allah ina roƙon a ɗan sammin fili in tofa albarkacin bakina akan wani rubutu da na karanta a shafin nishaɗi kwanakin baya, inda wani bawan Allah ya yi mana kaca-kaca mu masu kiɗan situdiyo, yace fiyano ya kashe kiɗan Hausa, wai in ka ji waƙa ɗaya to ka ji dubu, sunan amarya da ango kawai ake canzawa. Wallahi da na karanta sai da raina ya ɗan sosu, na ajiye wayar na je na sha ruwa na dawo na sake karantawa, a karo na biyun ne na ga ai mutumin nan rabin maganarsa gaskiya ce. Kiɗan namu yana kama da juna, wannan ko mu da muke ciki mun sani. Inda ya kuskure shine wanda ya ɗora wa laifin. Maganar halasci ko haramcin kiɗa da ya sako a ƙarshe kuma na bar wa malamai, ba fagena bane, ni abin da na sani shi zan faɗa.

Ni dai na fi shekara goma sha biyar ina danna kibod, na yi biki na yi suna na yi waƙar siyasa na yi ta makaranta, kuma abin da na gano shine yawancinmu kod huɗu muka iya, kuma su huɗun ma zama ɗaya tak muka iya yi musu. To nan ne cutar take. Kod huɗu ba abin kunya bane, waƙoƙin duniya da yawa da suka yi tashe kod huɗun ne ko ma uku. Abin kunyar shine ka shekara goma kana danna su da yatsu iri ɗaya a wuri ɗaya kamar mai buga tambari a ofis.

Bari in yi bayani saboda mai karatun da bai taɓa zama gaban kibod ba. Kod shine sauti uku ko fiye da haka da ake dannawa lokaci guda. Wanda kowane ɗan koyo ke farawa da shi shine C majo, wato C da E da G, haruffan nan sunayen fararen maɓallan kibod ne. C ɗin shine tushe, E shine na uku, G shine na biyar, in ka ƙirga fararen maɓallai daga C zaka ga dalilin sunayen. To su waɗannan sauti ukun ba wanda yace dole sai C ne a ƙasa E a tsakiya G a sama. Kana iya ɗauke C ka kai shi sama ya zama E G C, kana iya sake ɗauke E ya zama G C E. Kana iya raba su nesa da juna, hannun hagu ya riƙe C da G, hannun dama ya riƙe E can sama shi kaɗai. Kana iya ninka ɗaya, kana iya jefar da ɗaya gaba ɗaya. Duk sunansa C majo amma kunne ba iri ɗaya yake jinsu ba, wani ya fito a tsaye ƙiƙam kamar soja, wani ya fito da taushi, wani ya fito kamar yana jiran wani abu ya biyo baya. Wannan tsara zaman sautukan shi ake cewa boisin a situdiyo, ni dai shimfiɗa nake ce masa in ina koya wa yara, don yadda ka shimfiɗa kayan ne. Wani Bafaranshe mai suna Rameau tun a 1722 ya rubuta littafi ya nuna cewa C E G da E G C kod ɗaya ne aka juya shi, kaga kenan maganar ta haura shekara ɗari uku, mu ne dai har yau a wasu situdiyoyin in ka juya kod sai yaro ya leƙo yace oga wannan wane sabon kod ne.

Wanda ya buɗe min ido wani dattijo ne a nan Kaduna, Allah ya saka masa, tsohon makaɗin coci ne kuma ya taɓa zama cikin 'yan badujala, ni Musulmi shi Kirista amma wallahi bai taɓa ɓoye min komai ba. Ranar da na fara zuwa wajensa ina ji da kaina, don a lokacin har an fara kirana biki, na zauna na zuba masa kod huɗun nan, Am (wato A maino), F, C, G, yadda na saba, hannuna na tsalle daga nan zuwa can kamar fara a kasko. Baba yana zaune yana sakace bai ce komai ba sai da na gama, sannan ya miƙo biro ya ɗora min a bayan hannun dama yace sake yi, in biron nan ya faɗi ka biya kuɗin shayi. Ko kod na biyu ban kai ba biro ya faɗi. Yayi dariya yace ɗana kai haya kake tashi duk lokacin da za ka canza kod, ka kwashe kaya ka kwashe yara ka koma wata unguwa, alhali ɗaki kawai ake so ka canza.

Sai ya nuna min. Am shine A C E. In za ka tafi F ba sai ka ɗaga hannu ba, A da C suna cikin F ɗin dama, ka barsu a inda suke, ƙaramin yatsa kawai zai matsa daga E zuwa F, shikenan ka samu A C F. Daga nan za ka C, to C na tsakiya ya zauna abinsa, A ya sauko G, F ya sauko E, ka samu G C E. Daga nan za ka G, wannan karon G na ƙasa ne zai zauna, C ya sauko B, E ya sauko D. Ka zagaye kod huɗu hannunka bai bar wuri ɗaya ba, biro na nan a kwance. Na gwada sau uku na huɗu ya zauna, kuma abin da ya bani mamaki shine yadda kiɗan ya canza, kod ɗin nan dai da na sani ne amma yanzu sai suka riƙa zubowa cikin juna kamar ana tsiyaya mai, babu wannan gif-gif ɗin da ake ji a yawancin waƙoƙinmu duk lokacin da kod ya canza. Ƙa'idar kawai itace sautin da kod biyu suka yi tarayya a kai ka barshi, wanda dole ya motsa ya motsa zuwa mafi kusa. Masu waƙar coci da ke rabuwa murya huɗu sun san wannan sarai, don in ka rubuta wa mutum tsalle mai nisa a kowane layi ba zai iya rerawa ba, makogwaro ba yatsa bane.

Abu na biyu da Baba ya hanani, kuma shi nafi gani a wajen yaranmu har gobe, shine cika hannun hagu. Yaro zai je can ƙarshen kibod ta hagu ya danna C E G a cunkushe yana ganin hakan ne zai sa kiɗa yayi nauyi, sai ya fito kamar ana magana a cikin randa. Akwai dalili. Kibod ɗin da muka fi amfani da shi mai maɓalli 61 ne, C na farko ta hagu yana kaɗawa wajen sau 65 a daƙiƙa, E na kusa da shi wajen sau 82, sun yi kusa da juna sosai a wurin da kunne baya iya rarrabe su da kyau, sai su riƙa gurnani. Amma C na tsakiya wajen 262 yake, E ɗinsa wajen 330, a nan kunne yana jin kowa daban kuma suna daɗi tare. Shi ma sauti ɗaya in ka saurara da kyau ba shi kaɗai yake fita ba, tsirkiyar da ta bada C tana ɗauke da wani C a samansa, sai G, sai wani C, sannan E ya zo can sama. Wato ita kanta halittar sauti a ƙasa a warwatse take a sama ne take matsewa, kai kuma ka zo ka juya mata tsari. Don haka hannun hagu tushe kawai, ko tushe da na biyar, ko tushe da ɗan'uwansa na oktaf, wato sauti mai irin sunansa na gaba a sama, na ukun a kaishi sama. Gwada C da G a hagu, E a dama sama da su, ka kwatanta da C E G a cunkushe, ko wanda bai san kiɗa ba zai ce maka na farkon yafi fita.

Kuma in akwai bes, wato mai riƙe sautin can ƙasa, a waƙar, ko gita ce ko ta kwamfuta, to ma me ya kai hannun hagunka can? Bes ya riga ya riƙe tushe. Kai ma ka riƙe, fad da sitirin, wato sautukan kibod masu ja a bayan waƙa, su ma su riƙe, kowa na faɗin magana ɗaya a wuri ɗaya, sai a zo wajen haɗa sauti mai miksin yayi ta yanke-yanke yana tsaki. Makaɗan jaz na Amurka sun daɗe da magance wannan. Mai fiyano Bill Evans yayi suna da danna kod babu tushe kwata-kwata, ya bar wa mai bes aikinsa, shi ya riƙe na uku da na bakwai da wasu na ado. Kafin shi Bud Powell sauti biyu yake yawan riƙewa a hagu, tushe da na bakwai ko tushe da na uku, kuma ba wanda ya taɓa cewa kiɗansa ya rame. Ga misali mai sauƙi da kowa zai iya gwadawa. Bes ya riƙe D, kai ka danna F da C. Bes ya koma G, kai ka bar F, C ya sauko B. Bes ya koma C, ka bar B, F ya sauko E. Yatsa ɗaya ke motsawa taku ɗaya a kowane canji amma ka bi ta Dm7, G7 da Cmaj7 cif, wato kod ɗin D da G da C masu ɗauke da na bakwai, har mai saurare zai ji kamar an dawo da shi gida. Da sauti biyu fa.

Yanzu bari in zo inda maganar tafi shafarmu, don duk abin da na faɗa a sama ko a Legas ko a Landan haka yake. Mu namu akwai ƙari. Kiɗanmu na gado ba akan kod aka gina shi ba. Ka saurari marigayi Mamman Shata, kalangu ne da murya da 'yan amshi, su kuma 'yan amshin murya ɗaya suke bi gaba ɗayansu ba rabuwa suke kashi huɗu ba. Ka saurari marigayi Ɗan Maraya Jos, kuntigi ne mai tsirkiya ɗaya. Goge da kukuma suma tsirkiya ɗaya ce. Daɗin yana cikin kari da kalma da yadda ganga ke magana, ba wanda ke jiran kod ya canza. Kuma mafi yawan karin gargajiyar da na zauna na bi a kibod akan sauti biyar suke tafiya, in ka ɗauko su a Am zaka samu A C D E G ne, babu F babu B. In kana so ka ji irinsa ba wahala ka bi baƙaƙen maɓallai kaɗai, suma biyar ne a kowane oktaf kuma irin wannan tsarin ne, shi yasa yaro in ya fara wasa da baƙaƙe nan da nan sai ka ji kamar wani abu namu na fitowa.

To ka ɗauko mawaƙin da kunnensa ya tashi akan sauti biyar, ka shimfiɗa masa kod ɗin Turawa mai B da F a tsakiyar hanyarsa, me kake zato? Ya taɓa faruwa dani ƙiri-ƙiri. Wata baiwar Allah ta zo ɗaukar waƙar biki, murya gareta mai kyau irin ta matan da suka tashi suna jin waƙar daka da ta gaɗa, akwai wani layi da take jan C ta daɗe a kai, ni kuma a daidai wurin ina kan G B D. Duk lokacin da muka iso nan sai ta ɓata fuska ta cire abin sauraro daga kunne tace Malam akwai abin da ke sukata a nan. Na ce mata muryarki ce ke sauka, muka sake, muka sake, har sau wajen takwas, janareto na shan mai, mai waƙar da ya biya kuɗi na zaune yana duba agogo. Har na kai hannu zan ƙara mata otocun, wato manhajar da ke daidaita murya, sai Allah ya sa na kashe komai na bar muryarta da fiyano kaɗai. Ashe ita ke da gaskiya. B ɗina da C ɗinta maƙwabta ne na jikin juna, babu maɓalli a tsakaninsu, kuma a oktaf ɗaya na ajiye shi da muryarta, dole su yi faɗa. Na ɗauke yatsa daga B na mayar C, ya zama G C D, wanda ake cewa sos, muka sake ɗauka sau ɗaya ta wuce. Ta kalleni tace kaga yanzu ya daina. Kunya ta isheni, na ce mata Hajiya ayi haƙuri laifina ne, kuma tun daga ranar in mawaƙi yace wani abu na sukarsa hannuna nake fara dubawa kafin makogwaronsa.

Daga nan na fara tsara shimfiɗata akan sauti biyar ɗin mawaƙi. In bes zai je G, ni a sama G C D nake bashi ko G A D, in bar B sai inda na tabbata murya bata kusa. In bes zai je F to F ɗin ya tsaya can ƙasa wajen bes, a sama in riƙe A C E ko G A C, duka suna cikin biyar ɗin, sai kaga kod ya canza an samu motsi amma mawaƙi bai ji an ja masa tabarma ba. Na uku shine sautin da ke nuna kod majo ne ko maino, shine mai sa a ji fara'a ko a ji damuwa, to amma shine kuma mai yawan jawo rigima da kayan gargajiya. Dalili kuwa yadda ake saita fiyano an raba oktaf gida 12 daidai wa daida, a wannan rabon na biyar kusan daidai yake da na halitta, in ka raba tazarar maɓalli da maƙwabcinsa kashi 100 kashi 2 kacal ya kauce, amma na uku na majo ya kauce da kusan kashi 14. Shi kuma mai goge ba ruwansa da rabonku, inda kunnensa ya gada nan yatsansa ke sauka, wani lokaci a tsakanin maɓalli biyu ma. Shi yasa duk ranar da aka kawo min mai goge ko mai gurmi situdiyo na uku nake fara sallama, in riƙe tushe da na biyar, in ƙara na biyu in ana son ɗan ado, shi ya cike sauran da kansa. Ka lura da masu gitar Agadas, sai su daɗe akan kod ɗaya suna zagaye shi, tsirkiya ɗaya na ta gurnani a ƙasa, kuma ba ka gajiya da ji, don motsin yana cikin abin da ke faruwa a saman tushen.

Akwai wata shimfiɗa da na ƙaunata fiye da kowace saboda wannan dalilin, wato jera sautuka huɗu-huɗu maimakon uku-uku. Maimakon ka tsallake maɓalli fari ɗaya ka tsallake biyu: A, D, G. A cikin makaɗan jaz, McCoy Tyner da yayi wa John Coltrane fiyano a shekarun 1960 da ita aka sanshi, kuma a faifan Miles Davis na 1959 mai suna Kind of Blue akwai sanannen kod ɗin da Bill Evans ya danna, E A D G B, wanda huɗu-huɗu ne sai na saman kaɗai. Abin da ya ɗaure min kai ranar da na gano shi, ina zaune ni kaɗai da dare an ɗauke wuta ina wasa da batir, shine in ka ɗauki sauti biyar ɗin nan namu A C D E G ka jera su huɗu-huɗu zasu hau kan juna cif babu saura: E A D G C. Wallahi sai da na tashi tsaye. Wato shimfiɗar da ake ganin ta manyan masana ce a can, kusan an ɗinka ta ne daidai jikin karinmu, bata cewa majo bata cewa maino, ta bar wa murya fili ta je inda take so. Na sakata a wata waƙar yabon sarauta a ƙarƙashin algaita da kalangu, wani abokin aikina ya ji yace wannan wane sauti ka sauke daga intanet, nace babu, fiyanon nan ne dai da kake raina wa.

Sauran dabarun ba sai na cika ka da su ba. Akwai wadda ake ɗauke sauti na biyu daga sama a saukar da shi oktaf ɗaya, C E G B ya koma G C E B, masu gita da masu tsara kiɗan ƙaho suna yinta sosai don tana buɗe kod ya sha iska. Akwai canza bes a bar kod, kamar ka riƙe C a sama bes ya taka E maimakon C don ya gangara F a hankali. Akwai kuma sauya shimfiɗa tsakanin baiti da amshi, a baiti ka riƙe sauti biyu a tsakiya can ƙasa da murya, in amshi ya zo ka buɗe hannu ka hau sama ka ninka tushe, sai mai saurare ya ji waƙa ta tashi alhali ko kod ɗaya baka ƙara ba. Wanda na fi so yara su riƙe shine sautin da ke saman kod ɗinka shi kunne ke kamawa kamar wata ƙaramar waƙa, don haka ka san me kake ajiyewa a can, kada ya riƙa gogayya da mawaƙi kuma kada ya zama shi ɗin ne dai daga farko har ƙarshe. Sannan a tuna a ina za a ji waƙar. Mutanenmu a waya suke ji, ko ƙaramar sifika ta bulutut, ko a cikin Keke Napep ana hayaniya, waɗannan ƙananan sifikun basa fitar da sautin can ƙasa, in duk daɗin kod ɗinka a hagu ka zuba shi to kai kaɗai ka ji abinka a situdiyo.

Me yasa to ba a yi? A nan ne zan ɗan kare 'yan uwana duk da na faɗi laifinmu. Na farko yawancinmu da sitayil muka koya, wato kiɗan da ke cikin kibod wanda kana danna kod da hagu shi zai buga ganga da bes da gita da kansa. A irin wannan ko ka juya kod ko kar ka juya injin zai karanta sunansa ne ya buga shimfiɗar da aka saka masa tun daga kamfani, har akwai saitin da yatsa ɗaya ma ya isa. A kibod ɗin Yamaha akwai saitin da zai sa bes ya bi sautin da ka ajiye a ƙasa, amma mutum nawa ne suka taɓa shiga wajen? Ga kuma maɓallin tiranspos mai ɗaga ko sauke sautin kibod gaba ɗaya, kowace waƙa a Am ko Dm ake dannata sai a ɗaga ko a sauke, hannu bai taɓa sanin wata unguwa ba. Yanzu kuma da aka koma manhajojin haɗa kiɗa a kwamfuta irin su FL Studio da Cubase sai abin ya zama kwafa da liƙawa, a ɗauko kod ɗin waƙar jiya a zuba a ta yau a canza gudu. Na biyu kuma kasuwa. Mutum zai zo da azahar yace gobe ne kamu yana son waƙa yau, kuɗin da zai bayar in ka cire mai da hayar shago da na yaron da ke taimaka maka abin da ya rage ba zai sayi katin waya mai kauri ba, ga wasu biyu na jira a benci. Wa zai zauna yana neman inda zai ajiye na uku? Kuma in ka yi wani abu daban sau da yawa mai waƙar ne da kansa zai ce a'a, shi irin ta wane yake so, sak. Marubucin naku da ya zauna damu yini ɗaya da ya ga wannan da idonsa, kila da ya rage kaifin alƙalaminsa kaɗan.

Duk da haka ban yarda uzuri ne da zai hana gyara ba, don abin da Baba ya koya min da biro bai ɗauki awa ɗaya ba kuma baya ƙara ko minti akan lokacin aiki in hannu ya saba, hasali ma rage wahalar miksin yake. Yaran da ke zuwa wajena yanzu sati biyun farko bana barinsu su taɓa sitayil, fiyano zalla, kod huɗu, kowanne a zama uku, a ki uku daban-daban, wato daga mafari uku, ba tiranspos, da murfin kwalba a bayan hannu don biro yanzu tsada yake. Wasu sun gudu sun ce ina ɓata musu lokaci, wasu sun tsaya, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya ma yanzu ya fini hannu, ranar nan ya nuna min wata shimfiɗa ta Dm da ya ajiye E da F a jikin juna a tsakiya da gangan, abin da ni zan ce kuskure ne, amma a inda ya sakata wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Shi kuma marubucin, in yana Kaduna ko ya shigo, ina gayyatarsa ya karɓi lambata a wajenku ya zo shago, ya zaɓi duk waƙar da yake ganin tafi kowace gundura, zan danna masa kod ɗinta yadda aka saba sannan in sake shimfiɗa su a gabansa ba tare da na ƙara ko ɗaya ba, shayi a wuyana. Sannan Edita dan Allah a roƙar min mai gyaran rubutu kada ya taɓa haruffan nan, inda na rubuta G C E ba C E G na so rubutawa na kuskure ba, haka nake nufi, in aka gyara min su wasiƙar gaba ɗaya ta tashi a banza.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Wani mai danna kibod, daga Kaduna